Ciwon Ƙaryar Baffa

Bayan na gama shekarun horon zama likitan iyali a asibitin koyarwa, saura jarrabawar ƙarshe kafin a ba ni shaidar ƙwarewa. Rubutun bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ɗakin da ake zaunar maka da mara lafiya, manyan likitoci na gefe riƙe da biro, ka tambaye shi, ka duba shi, ka yi masa bayani kafin a kaɗa ƙararrawa.

Na ɗauki hutu na tafi ƙauyenmu wajen Makoɗa don in yi bita. Baffa, ƙanin mahaifina, ya dawo daga gonar gyaɗa ya tarar ina yi wa kujera tambayoyi a zaure. Da na yi masa bayani, sai ya ture kujerar ya zauna a tabarma.

"Ni ne mara lafiyar. Fara."

Na ce minti goma muke da shi, in na tambaye shi ya ce kansa ke ciwo kawai. Na saita agogon waya.

"Baffa, me ke damunka?"

"Haka ake yi a birni? Babu gaisuwa?"

Muka gaisa. Ya tambayi iyalina, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan bana a Kano. Wayar ta yi ƙara.

A zagaye na biyu ciwon kan ya gangara gwiwa, ya biya ta ƙugu, ya tsaya kan wani jaki da ya harbe shi tun yana saurayi. A na uku na samu na ɗaura masa abin awon jini. Na duba, na sake aunawa a ɗaya hannun.

"Baffa, jininka ya hau sosai."

"Madalla, ka iya! Har fuskarka ta nuna."

"Da gaske nake."

"A'uzubillahi! Ba wasa muke ba?"

Sai da mahaifina ya sa baki washegari kafin ya yarda ya hau bayan babur muka je asibitin gari. Can ma abin da suka gani ke nan, suka ɗora shi a kan magani.

Na ci jarrabawar. Baffa yana shan ƙwayoyinsa har yau, ya ma rage gishiri, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiyarsa ƙalau kafin ya taimaka min da karatu.