Filinmu na Fako

Wanda ya kafa ƙungiyar ƙwallon garinmu bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, da ɗingishi ya tashi. Gyaran rediyo yake yi a wata 'yar rumfa bakin kasuwa, kuma duk abin da ya sani na ƙwallo a rediyo ya ji shi. Mai Rediyo kowa ke ce masa, mu 'yan wasansa kuwa Baba muke kiransa. Garin namu ƙarami ne, yana kan hanyar Tawa zuwa Takanamat, irin garin da mota ba ta tsayawa sai in akwai mai sauka.

Da ya tara mu, muna samari, fili ne ya fara gagarar mu. A Adar duk inda ƙasa ke da daɗi gona ce, inda ba gona ba kuma duwatsu ne. Mahaifin golanmu ne ya fid da mu. Yana da wani fako yamma da gari, ƙasa ce da ta daskare tun zamanin kakanni, ruwa in ya sauka a kanta wucewa yake yi bai ko gaishe ta ba. Tsohon ya yi dariya ya ce mu je mu yi ta tsalle-tsallenmu, wurin da ko akuya ba ta tsayawa.

Wata guda muka yi muna tsintar duwatsu. Baba ne ya auna filin da taku. Ya bi gefen arewa ya ƙirga ɗari, ya dawo ta kudu ya ƙirga ɗari, amma a dawowar ƙafar ta gaji, takun ya ragu. Haka filin ya fito a karkace, kuma haka ya zauna fiye da shekara ashirin. Duk baƙin da suka zo sai sun yi ƙorafi. Baba ya ce su kawo igiya a sake awo, ba wanda ya taɓa kawowa. Layi da toka muke ja, mu bi gida gida muna roƙon iyayenmu mata kada su zubar. Turakun gola na icen bedi ne, wato dogon yaro. Riguna kuwa sai abin da 'yan biɗa, masu tafiya ci-rani, suka kawo daga Abijan, wannan ja, wannan ruwan ɗorawa, har sai da wani tela ya ji tausayinmu ya ɗinka mana kore iri ɗaya. Sunan da muka raɗa wa ƙungiyar dogo ne, da Faransanci, ba wanda ya riƙe shi. 'Yan Fako ake ce mana tun daga Kalfu har Tebaram.

Ba mu taɓa shiga wata babbar gasa ba, takarda ma ba mu da ita. Da damina kowa na gona, da rani rabinmu sun tafi biɗa, akwai shekarar da limamin unguwarmu ya naɗe wando ya cika mana mutum na goma sha ɗaya. Amma a kan fakon nan ba a cin mu da sauƙi. Wata shekara wata ƙungiya ta zo daga birnin Tawa, da motarsu da takalmansu masu ƙusa, suna kallonmu suna murmushi. Ƙusa ba ta shiga fako. Suka yi ta santsi suna faɗuwa, mu da takalman roba muna wuce su, muka ba su uku ba ko ɗaya. Ranar na ga Baba yana rawa da ƙafa ɗaya, mata na guɗa, har yau in na tuna sai na yi dariya.

Ni a baya nake tsaro, kuma ba zan ɓoye ba, ina da zafin rai. Jan katin da aka ba ni ya fi ƙwallon da na ci yawa nesa ba kusa ba. Golanmu ne ke lallashi na. Dogo ne, marar magana, abokina tun muna kiwon awaki. In na taso wa alƙalin wasa sai in ji hannunsa a wuyan rigata ta baya, ya ja ni gefe. Shi ne ya tafi biɗa wata shekara, ciwo ya kama shi can, sai labarin rasuwarsa muka samu. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa, saboda haka gonarsu ta gabas da fakon da muke wasa duk suka zama na marayun.

Gonar gabas ɗin tana bakin ƙorama, kuma ƙoramar kowace damina sai ta gutsuri wani abu. Shekara uku bayan rasuwarsa aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya tafi da fiye da rabinta. Duk mun sani. Mun yi wa matarsa jaje, mun kai 'yan tiyoyin hatsi, muka koma wasanmu.

A lokacin mutane sun riga sun koyi tassa. Ana haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki, gara ta shiga ta sassauta ƙasar, in ruwa ya zo ya tsaya a ramin, a shuka hatsi ya fito. Fakon da dā ba a kallo ya zama abin nema. Mu dai bai taɓa zo mana a rai cewa filinmu ma fako ne ba.

Wata la'asar cikin bazara muna atisaye, ƙwallo ta fita bayan golar yamma, na bi ta, ƙafata ta faɗa rami. Na duba, ramuka ne a jere, sun kai talatin, a 'yar tazarar da ke tsakanin layinmu da duwatsun da muka tara. Na ɗaga murya ina tambayar wane marar hankali ne ke son karya mana ƙafa. Sai na hango ta can gefe, matar golanmu, da diga a hannu, ta sunkuyar da kai. Baba ya ɗingisa ya je wurinta, ni ma na matsa.

Ta ce, "Baba, ban taɓa layi ba. Nan waje nika gina ramukan. Wurin ga shi maigidana yaf fi so duk duniya, ba ni so in ɓata muku."

Baba ya dubi ramukan. Ya tambaye ta tun yaushe take zuwa, ta ce kwana tara, da hantsi, lokacin da ba ma nan. Ranar ta makara ne don ƙaramin ɗanta ba shi da lafiya. Ya busa usur ya sallame mu.

Washegari ya tara mu a rumfarsa. Ya ce za mu cire turaku mu haƙa mata filin duka, kuma kafin ruwan shuka, don tassa ba ta jiran kowa. A shekarar mu ne za mu karɓi baƙuncin gasar ƙauyuka ta hutun 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, abin da muka yi shekaru muna nema. Na tashi tsaye. Na ce a bari a gama gasar. Na ce a je wurin maigari ya ba ta wani wuri. Na ce mu haɗa mata hatsi kowace kaka. Baba ya ce wurin da ya rage a hannun maigari dutse ne, kuma matar da ta zaɓi ta yi haƙa a ɓoye ba sadaka take nema ba.

Ya ce, "Hilin ga ba namu ba na. Aro anka ba mu, mun daɗe da shi har munka mance."

Nan na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Kai da ba ka taɓa zub da jini bisa hilin ga ba, mi ka sani?" Ya dube ni, ya ce gaskiyata, bai taɓa ba. Ya juya ga sauran ya ce gobe bayan sallar asuba kowa ya zo da diga.

Kwana biyu ina gida ina kumbure-kumbure. Daga tsakar gidanmu ana jin ƙarar diga. Matata ta ce in ban da lafiya ne ta dafa mini magani, in kuwa fushi ne in matsa daga inuwarta tana da daka. A rana ta uku na ɗauki digata na tafi.

Ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba. Ƙasar da ƙafafunmu suka daddaɓe shekara da shekaru, in ka sara sai digar ta dawo maka har kafaɗa. 'Yan wasa na dā da na lokacin duk suna nan, har da waɗanda suka yi tumbi, har da liman. Baba ba ya iya tsayuwa ya yi sara, a durƙushe yake haƙa da guntuwar diga. Tafin hannunsa duk ya fashe, ƙotar ta yi ja. Na tsuguna kusa da shi na ce ya yafe mini. Ya ce ramukana sun yi kusa da juna, in ƙara tazara. Sati biyu muka yi, muka kwaso taki a amalanke daga gidajenmu muka zuba. Gasar kuwa aka mai da ta wani gari, muka je can aka fid da mu a wasan farko.

Ba mu sake samun fili irinsa ba. Yanzu samarinmu a yashin bakin ƙorama suke wasa, ƙwallo ba ta gudu, ƙafa na nutsewa, kuma cin su ake yi fiye da yadda suke ci. Har yanzu 'Yan Fako ake ce musu, wasunsu ba su ma san dalili ba. Ina ganin girman ƙungiyar nan fiye da manyan da ake nunawa a talabijin, kuma ba don ukun da muka ba 'yan Tawa ba.

Da kakar shekarar farko muka koma taya matar golanmu girbi. Hatsin bai yi cikar na gonar jigawa ba, amma ya fi ni tsawo, zangarniya ta yi nauyi. 'Ya'yan abokina suna ta kai da kawo da damman hatsi, babbarsu tana ƙirgawa da ƙarfi tana yin kuskure. Da la'asar ta yi na tarar da Baba zaune a kan wani dutse, ya ajiye sandarsa, yana kallon wurin. Na tambaye shi ko bai yi da-na-sani ba.

Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Kullum la'asar in ta yi sai in ji shi nan. Ni ban da wani abu duniya in ba hilin ga ba." Ya nuna yaran da haɓa. "Amma ɗiyan ga, bana ba su cin hatsin roƙo."

Uwarsu ta kira mu shan fura. Na miƙa masa hannu na tashe shi, muka tafi a hankali ta cikin karan.