Shekarar da Inabi Ya Tsaya a Ganye

Ni ɗan manomin dawa ne daga ƙasar Doguwa, kuma har na haura shekara ashirin ban taɓa sa inabi a bakina ba. Sunansa kawai na sani, shi ma a makarantar allo. Sai ga shi wajen ƙarshen shekarun tamanin an buɗe kwas na wata shida a wata makarantar koyon aikin gona kusa da Bebeji, ana koyar da noman inabi da kula da lambunsa. Kawuna ya yi ruwa ya yi tsaki aka sa sunana. Na tafi da akwatin ƙarfe da wando biyu, da girman kai wanda ya fi akwatin nauyi.

A can na ga yadda ake ɗora inabi a kan rumfar waya, mutum ya shiga ƙarƙashi ya yi tafiya a inuwa. Na koyi dashe, da ban ruwa, da feshin magani idan damina ta kawo masa cutar ganye. Amma babban abu shi ne yankan rassa, wanda ma'aikata suke kira aski. Sau biyu ake yi a shekara. Na farko da bazara, bayan an gama tsinkar 'ya'ya: a datse kowane reshe a bar masa ido biyu kacal, wato gurbin da sabon tsiro yake fitowa, don itacen ya huta ya yi sababbin rassa. Wannan mun yi shi da hannunmu har tafin hannuna ya yi kanta. Na biyu da kaka ake yi, shi ne mai kawo 'ya'ya. Kwas ɗinmu zai ƙare kafin kaka, saboda haka a allo kawai malaminmu ya zana shi, rana ɗaya tak.

A ranar ni ina kasuwar Tudun Wada, na tsaya gaban wata mai sayar da ƙuli ina ta zuba kamar rediyo. Ita ce uwar 'ya'yana yanzu, don haka ba na cewa tafiyar ta tashi a banza. Da na dawo na tambayi abokin zamana me aka yi, ya ce, "Aski ne dai." Na ce ai aski mun iya.

Takardar shaida tana fitowa na sami aiki. Wani Alhaji ɗan kasuwa yana da lambun inabi a bakin ruwa tsakanin Bebeji da Kiru, mai kula masa da shi ya koma garinsu, aka ɗauke ni a madadinsa. Ma'aikata biyar na tarar. Babbansu wani dattijo ne Bafulatani daga wajen Ɗansoshiya, kowa Baffa yake ce masa. Cuta ta cinye masa shanu shekarun baya, ya dawo ba shi da komai sai iyali. Alhaji ya ba shi ɗaki biyu a gefen lambun da 'yar gona a bayansu, da wannan da aikin lambun yake ci da mutum bakwai. Shekararsa huɗu a ƙarƙashin rumfar nan. Bai iya karatun boko ko harafi ɗaya ba, shi ya sa Malam yake ce mini, har ya rusuna idan zai gaishe ni, ni da ban kai ɗansa na fari ba. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Da ruwa ya ɗauke, na tara su da safe na ce yau za a fara aski, ido biyu a kowane reshe. Baffa ya juya almakashin a hannunsa, bai motsa ba.

"Malam, a gafarce ni," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Wancan da ya tafi, in kaka ce yakan bar reshen da tsawo. Kamar ido takwas haka. Ya ce 'ya'yan a can gaba suke kwana."

Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Amma sauran huɗun suna kallona, ɗaya har yana murmushi. Na ji kunnena ya yi zafi.

"Baffa, shi wancan ai ya tafi. Ni makaranta aka tura ni, wata shida. Ido biyu."

"To, Malam. Allah ya sa albarka."

Shi ya fi kowa hannu, don haka shi ya yi mafi yawan yankan. Kwana tara muka yi. Ina bin sa a baya ina dubawa, in na ga ya bar ido uku in ce ya rage.

Bayan sati biyu lambun ya tsiro gwanin sha'awa. Bayan sati biyar ganye ya rufe rumfa ruf. Sai dai fure babu, sai ɗai ɗai can da can, mutum ya yi taku goma kafin ya ga guda. Kullum ina shiga ina ɗaga ganye ina leƙawa, ina ce wa kaina bai isa ba ne. Baffa yana wucewa da bokiti, yana ci gaba da aikinsa. Da abin ya dame ni na hau mota na koma makaranta, na ce wa malaminmu wai wani abokina ne ya yi askin kaka a ido biyu. Ya kwashe da dariya har yana buga tebur. Ya ce irin inabin da ake dasawa a nan, 'ya'yansa daga ido na biyar zuwa sama suke fitowa, abokin nawa ya yanke amfanin shekara ya zubar a ƙasa. Ya ce in gaya masa ya sayi awaki, tunda ganye ya noma. Ni ma na yi dariyar.

Wata guda na riƙe wannan a raina. Na san gaskiya sarai kafin Alhaji ya zo, ba zan iya cewa ruɗewa na yi ba.

Ya zo wata Asabar da hantsi tare da baƙi biyu daga birni, ya kawo su su ga lambunsa. Suka shiga ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga kai ya duba dama, ya duba hagu, ya ƙara gaba, ya dawo. Na ga fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi askin nan?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya durƙusa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Hannunsa ne ya yanka, don haka a wajensa shi ne. Kuma irin tarbiyyarsu, dattijo ba ya tsayawa gaban baƙi yana wanke kansa, balle ya tona asirin wanda aka ɗora a kansa. Fulako ba zai bar shi ba. Na san da haka, kuma a kansa na jingina. Alhaji ya juyo ya dube ni. Da shiru ma na yi, da da sauƙi. Sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ka san tsofaffi, sai a hankali. Ba sa jin magana." Ma'aikatan nan huɗu suka sunkuyar da kai. Baffa bai ɗago ba.

Kafin sati ya zagayo an ce ya tashi daga ɗakunan. Ranar da suka ɗora kayansu a amalanke na ƙirƙiro wa kaina tafiya Kwanar Dangora sayen maganin feshi wanda muke da shi cike da sito.

Wata kakar ta zo, sai na ga ina da wata matsalar. Na san ido takwas ake bari, amma ban san wane reshe ake zaɓa a bari ba, wane ake cirewa gaba ɗaya, kuma kunya ta hana ni komawa wajen malaminmu. Na ari babur na nufi Ɗansoshiya, ina gaya wa kaina gafara zan je nema. Na same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiya, ya rame. Ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama fura. Wani maƙwabcinsa da ya zo gaisawa ya faɗa mini, a gabansa, cewa duk lambunan bakin ruwa babu mai ɗaukarsa, labari ya bazu wai shi ya kashe wa Alhaji inabi don haushin an kawo yaro an ɗora a kansa.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Maimakon maganar gafarar da na zo da ita, sai ta askin ta fito. Bai nuna mamaki ba. Ya jawo karan dawa ya ƙirga mini gaɓoɓinsa da babban yatsa, ya ce in nemi reshen da ya yi ja, mai kaurin ɗan yatsa, wanda ya sha rana, in bar kore da siriri. Sau uku ya maimaita don kada in manta.

Ya rako ni har bakin hanya. Na riga na tayar da babur, sai ya dafa kan sitiyarin.

"Malam, alfarma ɗaya. Ba aikin nake roƙo ba. In kun haɗu da Alhaji, ka ce masa ba da mugunta na yi ba. Na ci abincinsa shekara huɗu, ba na so ya riƙe ni da wannan."

Na ce, "In sha Allahu, Baffa."

Shekarar nan inabi ya yi 'ya'ya har sai da muka ƙara wa rumfar turaku. Alhaji ya yi ta kawo mutane yana nuna ni, yana cewa ga amfanin ilimi. Na yi shekara bakwai a lambun nan, kusan duk Asabar muna tsaye da shi a inuwar rumfa mu biyu, yana tambayata ko akwai wani abu. Kullum sai in ce babu komai, Alhaji.