Ragon da Yaya Sallau Ya Yi a Kumasi

Ranar da na sauka ƙauyenmu Darini da hotunan Yaya Sallau ƙulle a bakin zanena, ga waɗanda na tarar a tsakar gida: Inna, mahaifiyarmu, jingine da rumbu, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu; ƙanenta Kawu Ɗanladi, dillalin tumaki a kasuwar Safana; Gwaggo Lami, da ta zo dubiya daga Tsaskiya; da Malam Isuhu, limamin unguwarmu, da aka kira ya yi wa Inna nasiha ta ci abinci. Sai ni, Indo. Duk sun riga mu gidan gaskiya, bara shi ma Yayan ya bi su. Ni kaɗai na rage da zan faɗi yadda aka yi, kuma kun san ni, ba na ƙara gishiri.

Ku da kuka san shi da tsufansa, da kyamara kuka san shi, rataye a wuya, an cusa ta cikin safar ƙafa guda don kada ta kwarzane. To haka yake tun a Kumasi, inda fari ya kora mu, ni da maigidana da shi, shekarun da gero ya bushe a tsaye, aka ci dusa a ƙasar Batsari, tumakin da Baba ya bar mana suka ƙare kaf. Ɗaurin huhun goro yake yi a zango, unguwar Hausawan can. Abin da ya fara samu, maimakon ya sayi ko tabarma, sai ya kai wa wani mai gyaran agogo ya karɓo tsohuwar kyamara. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Tun daga ranar ya sa mini suna Alƙaliya.

Fim kuwa ɗaya yake saye, ya kai shi shekara. Ranar da ba aiki sai ya zaga gari a ƙafa, ya tsaya gaban abu, ya ɗaga kyamara, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe har masu wucewa su taru a bayansa, sannan ya sauke ya mai da ita cikin safa ya ce, "Bai nuna ba." Kamar manomi da kankana. Akwai wani bene kusa da babbar kasuwa da ya yi damina guda yana zuwa dubawa, bai nuna ba har muka baro ƙasar.

Abin da ya nuna a wurinsa kuma, mai hankali ba zai ɓata masa fim ba. Famfo yana zuba babu kowa a layi. Burodi jere a faranti. Wata mata mai sayar da dokunu, tuwon masarar can, a bakin tasha ta ga ya saita ta, ta yi maza ta gyara ɗankwali, ta goge fuska, ta yi murmushi. Da hoton ya fito, tukunyarta ce kawai da tururi, sai ɗan gefen hannunta. Ta biyo shi har zango tana masifa, wai ina fuskarta. Ya ce mata, cikin ladabi kuwa, "Uwargida, a garinmu yanzu fuskarki ba za ta faranta wa kowa rai ba. Tukunyar ce kyakkyawa."

In Sallah ta ƙarato sai ya koma ɗan yaro. Yana bin motocin shanu da ke saukowa daga Arewa yana tsintar karan dawar da aka shimfiɗa wa dabbobi, don can ba a samun irinsa. Ya wanke, ya fere, ya zauna da reza yana haɗa motoci da tabarau da fitilu yana rabawa gida-gida. Wata Sallah masallacin Juma'ar Batsari ya gina da kara, har da randar alwala. Liman na zango ya ce hasumiyar ta karkace. Yaya ya ce ta asalin ma haka take, in bai yarda ba ga mota nan, ya je ya gani.

Ana nan sai wani direba ya kawo mana labarin da ya hana mu sukuni. Ɗan abin da muke aikawa, shinkafa da garin rogo, Inna ba ta taɓa shi. Tarawa take a ɗaki, wai 'ya'yanta na wata ƙasa da yunwa, sun hana bakinsu sun aiko mata, ita ba za ta haɗiye ba. Kunun dusa take sha, shi ma ba kullum ba. Gaskiyar magana, ba mu ƙoshi ba, don Kumasin ma ta ɗauki zafi a shekarun. Amma muna ci. Inna ce za ta mutu a kan buhun shinkafa.

Babbar Sallah ta zo, ko kaza ba mu da ita. Yaya ya ce zai nuna wa Inna ya yi layya. Ya haɗa rago da kara, tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Ya lulluɓe shi da farin ƙyalle da audugar rimi, ya shafa wa gabansa gawayi ya zama uda, ya murɗa igiyar huhu ya daskarar da ita da sitaci ta zama ƙaho. Ya kai shi gaban wani banki, ya kwanta rub da ciki a kan titi cikin rigarsa ta Sallah, don ragon ya fito kusa, ginin ya yi nisa. Sai ya tashi ya ce da saura, ragon da aka ɗaure ba ya rasa kashi a ƙarƙashinsa. Ya baɗe wake da gawayi ya watsa. Ranar dai ya nuna. Da ya gama ya tsince waken ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ya miƙo mini. Shi ne naman layyarmu.

Ni aka ɗora wa kai hotunan gida. Na ce masa zan kai, amma ƙarya ba za ta fita daga bakina ba. Ya ce, "Alƙaliya, ke dai miƙa ki yi shiru. Shirunki ma tsoro yake ba mutane."

To, ga mu a tsakar gida. Bayan an gama gaisuwa na kwance ƙullin. Gwaggo Lami ta riƙe hoton famfo tana ta jinjina kai, wai a samu wani ya rufe shi mana. Kawu Ɗanladi ya karɓi na ragon, ya nisanta shi, ya kusanto da shi, ya ce wannan uda ne na Azbin, a ƙirjinsa kawai ya gane, kuma rabon da ya ga irinsa a Safana tun kafin fari. Malam Isuhu ya ce to Inna ta gani, wanda ya yanka wannan ai ba ya kwana da yunwa.

Inna ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗago ta ce, "Indo, kin ci naman ragon nan?"

Na ce, "Ban ci ba, Inna."

"Shi fa?"

"Shi ma bai ci ba."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe uwata da gaskiya. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Ashe dariya take. Ta ɗora farce a kan kunnen ragon na hagu ta nuna wa Kawu: tsaga biyu a gefe, shaidar da Baba ke yi wa tumakinsa, wadda babu mai ita sai gidanmu. Ni da na tsaya a kansa yana haɗa ragon ban lura ya yi ta ba. Ta tambayi Kawu ta wace hanya ragon gidanmu ya bi ya je Azbin ya wuce Kumasi, bayan ita da hannunta ta ja mushen na ƙarshensu bayan gari. Kawu ya ce shi dama ƙahon ya ɗan ba shi shakka. Gwaggo ta ce ya rufa wa kansa asiri ya yi shiru.

Inna ta share hawayen dariya ta ce, "Na san yunwa, Malam. Wanda ta kama da gaske ba ya zama ya tsaga kunnen ragon kara. Yaron nan lafiyarsa lau, haukarsa ma ba ta ragu ba."

Ban taɓa faɗa masa a gaban idonsa ba, don kada kansa ya ƙara girma, amma ban ga wanda ya yi layyar da ta kai wannan ba a shekarar. Allah Ya jiƙan Yaya Sallau, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna da Baba a inda ba fari.

Da gari ya waye na shiga ɗakin Inna na jawo buhun shinkafar, na farke bakinsa da wuƙa a gabanta. Na dafa da mai da yaji, na zuba mata a akushi, na zauna na tsare ta da ido har ta suɗe hannu ta turo mini akushin ta ce in ƙara.