Kwalayen da Inna ta yi silin da su

Innata mai shara ce. Shekara goma sha ɗaya tana share babban titi, daga shataletale zuwa bakin gada, ita da tsintsiyarta mai dogon hannu da rigar aiki mai ruwan lemo. Ba ta iya karatu ba. Ni ce na ɗan yi aji huɗu na fita, ni nake karanta mata komai har takardar magani.

Halinta ɗaya, ba ta iya wuce kwali. Ɗakinmu kwano ne ba silin, rana ta yi kamar a tukunya kake, ta daɗe tana cewa in ta tara kwali za ta rufe saman. To sai aka fara zanga-zanga. Kullum da safe titi cike da kwalaye masu kauri, har da sanda a jiki. Sandar mu hura wuta, kwalin kuma Kawu kafinta ya zo ya buga mana a sama. Ta ce a juyo farin gefen ƙasa don ɗaki ya yi haske, farin gefen kuwa nan rubutun yake.

In na kwanta sai in yi ta karanta mata. Na bakin ƙofa na satin farko ne, A RAGE KUƊIN MOTA. Ta ce wannan gaskiya ne. Na tsakiya A SAKI WAƊANDA AKA KAMA. Ta ce Allah sarki iyayensu. Na saman gadonta kuwa na sati na uku ne, KU SAUKA DUKKANKU.

Ta ce, "Su sauka daga ina? Daga motar?"

Na ce, "Inna daga mulki fa."

Sai ta ce, "To kuɗin motar fa, an bar maganarsa ke nan?" Ita dai ta ce a tsintsiya take gane abin, da farko kwali ne da ledar ruwa, yanzu kwalba ce da takalmi wari ɗaya, ran nan ma har jini ta tarar ta zuba masa ƙasa.

Jiya da safe maƙwabciyarmu ta faɗo ɗaki ko sallama babu, ta ce 'yan sanda na bi gida-gida, an tafi da mai aski saboda ƙyallen zanga-zanga ɗaya tak da aka gani a shagonsa. Duk muka ɗaga kai sama. Na hau kujera ina ja amma Kawu ya zuba ƙusa kamar wanda aka yi wa gori, ko ɗaya ban cire ba suka shigo, su biyu.

Babban ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado. Ƙaramin ne ya kalli sama, na ga bakinsa yana motsi.

Babban ya ce, "Baba, nan ne ofishinku?"

Inna ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe shara ce, zafi ne ya dame mu." Ta miƙa masa katin aikinta. Ya duba ya sa a aljihu. Ya ce motarsu ta cika, ta cire duka ta kai ofishinsu da kanta kafin azahar ta karɓi katinta, in ba haka ba su dawo su ɗauke ta. Ba kati ba aiki, kowa ya sani.

Kawu ya zo ya ɓamɓare yana ta salati. Muka ɗaure gida biyu, ita ɗaya ni ɗaya a ka. Masu keke duk suka ƙi ɗaukarmu, wani ya ce, "Hajiya ina da 'ya'ya." Sai muka taka.

Hanyar ofishin dole ta babban titi. Mun kusa shataletale igiyar Inna ta kwance, kwalaye suka watse, na saman gadon nan ya faɗi fuska sama. Ta sunkuya ta ɗauka ta riƙe a ƙirji don ta tattara sauran, ba ta ma san wanne ta riƙe ba. Samari na zaune gefen hanya, sai wani ya yi ihu, "Kai jama'a, masu shara ma sun fito!"

Kafin in ce wani abu sun kewaye mu, kowa ya wawuri kwali ɗaya ya ɗaga, har ɗaurin da ke kaina ba su bari ba. Inna tana cewa, "'Ya'yana ku ba ni, kaiwa zan yi, ku rufa min asiri," su kuwa tafi suke. Wani mai jar hula ya hau kan dutse ya ce daga yau an ƙara buƙata, a ninka albashin masu shara. Inna ta ce, "Ni ban aike ka ba!" Ba wanda ya ji. Wayoyi ko ina a sama ana ɗaukarta.

Sai muka ji jiniya. Na ja hannunta muka faɗa lungu, takalminta ɗaya ya fita ba mu tsaya ba, hayaƙin nan mai sa hawaye yana bin mu har bayan kasuwa.

Azahar ta wuce ba kwali ba kati. Ba mu koma gida ba, muna wajen Gwaggo, Inna tana ƙuryar ɗaki ko ruwa ta ƙi sha, in mota ta tsaya a waje sai ta miƙe tsaye. Kawu ya ce 'yan sandan sun je gidanmu sau biyu sun tarar da kwaɗo.

Yanzu ɗiyar Gwaggo ta nuna min bidiyon, an rubuta wai Uwar Gwagwarmaya. Don Allah don Annabi in ya zo wayarku kar ku tura wa kowa, ku goge. Ba shugabar kowa ba ce. Wanda kuma ya ɗauki kwalayenmu ya taimaka ya ajiye a shagon Kawu kafinta, guda ashirin da shida ne, ko sun yage muna so, wataƙila in mun kai a saurare mu.