Ranar Da Na Cire Sunan Zugwai

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, kuma ba na jin zan manta. Ina shekarata ta biyu ke nan a ofishinmu na Barnawa, inda muke rubuta manhajojin waya. Mu shida ne kacal. Oga Kabir ne mai kamfanin, Mista Bulus ne babban mai rubuta kod, ni kuwa ina can ƙasa, sai dai an fara yaba mini, kaina kuma ya fara kumbura.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, bari in ɗan yi bayani. Kowace manhaja tana da sunan da jama'a ke gani a fuskar waya, tana kuma da sunan ciki. Kod ɗin, wato umarnin da muka rubuta wa kwamfuta, a dunƙule yake wuri guda, shi muke kira modul, sunansa kuma yana zaune a layi ɗaya cikin saitin da kwamfuta ke bi idan za ta harhaɗa manhajar. Al'adarmu ita ce, duk wanda ya buɗe sabon aiki shi ke raɗa wa modul suna. Muna da Kilishi, muna da Gwaza. Wadda muka yi wa wani asibiti mai zaman kansa a Tudun Wada, ta rajistar rigakafin yara, Mista Bulus ne ya buɗe ta, ya sa mata Zugwai, sunan 'yarsa ta fari.

Yarinyar ta rasu tana shekara shida, ciwon sikila. Duk mun je masa gaisuwa. Daga nan sai kowa ya kama bakinsa, idan zancen manhajar ya taso sai mu ce “ta asibiti”.

Ana nan sai shugaban asibitin ya ga sunan a wani rahoton matsala, ya ce shi sunan asibitinsa yake so ciki da waje. Ranar Litinin Oga ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa.

“Hauwa, ke za ki canza shi. Kada Bulus ya sani. Da wane ido zan dubi bawan Allah nan in ce ya goge sunan 'yarsa da hannunsa?”

Na ce wallahi gaskiya ne, Oga. Har raina na ji muna yin abin kirki.

Dokar ofis ita ce duk wani gyara sai ya bi ta idon Mista Bulus kafin ya fita. Na jira ya tafi cin abincin rana, na buɗe saitin, na goge Zugwai, na rubuta sabon suna, na bi 'yan wuraren da suka yi ƙorafi na daidaita. Ko minti goma ban yi ba. Na gwada a tablet ɗinmu ta gwaji, wadda babu ko yaro ɗaya a cikinta, ta buɗe lafiya lau. Na tura wa asibiti, na koma kujerata ina jin kaina gwana.

Talata ranar rigakafi ce. Tara saura Sista Rahila, babbar nas ɗinsu, ta kira ni.

“Hauwa, me kuka yi mana? Na buɗe abin nan, wayam! Ba suna ko ɗaya. Ga mata cike da baranda, rabinsu ba su zo da kati ba. Ta ina zan san wanda ya karɓi allura ta biyu da wanda ke jiran ta uku?”

Saboda matsalar netiwok, rajistar shekara uku a cikin tablet ɗin Sista kaɗai take. Na dubi Oga, Oga ya dubi silin. Ba yadda na iya, na ja ƙafa zuwa teburin Mista Bulus na faɗa masa komai.

Bai ɗaga murya ba. Abin da ya fara cewa shi ne, “Kira ta yanzu-yanzu. Kada ta rubuta ko suna ɗaya. In ta danna ta adana, sabon zai hau kan tsohon, shi ke nan.”

Na kira ta nan take. Ashe har ta fara shigar da sunan wata jaririya, saura ta danna. Ta ce ta ɗaga hannu.

Ya ɗauki laftof ɗinsa, muka tari Keke ana yayyafi. A hanya ya yi mini bayanin abin da ban sani ba. Kowane yaro da manhajar ta adana, da sunan modul ɗin a goshin bayanansa, kamar hatimi a takarda. Sabuwar manhajar tana neman sabon hatimi, ta ga Zugwai, ta ce ba ta san su ba. Bayanan suna nan, ita ce ta juya musu baya.

A kan bencin asibiti ya zauna, yara na ta tsala ihu. Ya bar sabon sunan yadda mai asibiti ke so, ya ƙara 'yan layuka da ke gaya wa manhajar cewa duk abin da ta gani da sunan Zugwai nata ne. Ina tsaye a kansa ya rubuta sunan, harafi bayan harafi. Ya jona laftof ɗin da tablet ɗin Sista, muka jira. Sunaye suka zubo. Sista Rahila ta ce, “Thank you Jesus!” ta juya ta ƙwala kiran mace ta farko.

Da muka fito na ce, “Mista Bulus, ka yafe mini. Ba mu so mu tayar maka da ciwo ne.”

Yana kallon titi ya ce, “Na sani, Hauwa. Amma kin tuna da can a ofishinmu ba wanda ke ce mini Mista Bulus? Baban Zugwai ake kirana. Ranar da na dawo daga makoki kowa ya daina. A saitin nan kaɗai nake ganin sunanta idan na zo aiki.”

Kunya ta kama ni, hawaye kuma suka zo ba shiri.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, abu biyu na ɗauka daga ranar. Sunan modul ba ado ba ne, kafin ku taɓa shi ku tambayi abin da aka adana da shi, ku kuma gwada da bayanai na gaske. Na biyun ya fi mini nauyi. Mun yi wa mutum kara, mun yanke masa abin da zai iya ɗauka ba tare da mun tambaye shi ba, alhali shirun namu ne ke cin sa.

Washegari da safe na tsaya a bakin teburinsa, na ce, “Ina kwana, Baban Zugwai.”

Da ya ɗago, ya ce, “Lafiya lau, 'yata. Jawo kujera, mu duba kod ɗinki.”