Ƙodar da Yaya Ya Ƙi Karɓa

Yayana maƙerin ƙofofin ƙarfe ne a Kawo, mutumin da yakan ɗaga ƙyaure shi kaɗai ya ɗora a mota. Da ƙodojinsa suka daina aiki, sai da ta kai takalmi ba ya shiga ƙafarsa saboda kumburi. Ni nake raka shi wankin ƙoda, in zauna ina kallon jininsa yana fita ta wata roba yana komawa ta wata. Da aka gwada mu 'yan ɗakinmu, tawa ce ta dace da jikinsa. Na ce na ba shi ɗaya. Likita ya fara shirin dashe.

Ana cikin haka 'yata ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take karatu. Muka je duba shi. Ya tambaye ta me ake koya musu a can.

Ta ce, "Kawu, a cikin ƙoda akwai wani tantani mara kauri, shi ke tace jini, kamar ƙyallen tatar gasara. Shi muke kwaikwayo. Muna saƙa zaren da ya fi na gizo-gizo sirantaka, mu shimfiɗa ƙwayoyin halittar ƙoda a kai, su kama, su rayu."

Ya gyara zama. "Wato ƙera ƙoda za ku yi?"

"In Allah ya yarda, wata rana."

Da muka koma asibiti, a gabana ya ce wa likita a dakatar da maganar dashe. Ba za a tsaga cikin ƙanwarsa ba alhali ana ƙera wata. Zai jira.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da limamin unguwa. Ya kafe. Jikin kuwa kullum baya yake yi. Numfashi ya fara yi masa wuya, in ya kwanta sai an tokare shi da filo. Likita ya ja ni gefe ya ce in zuciyarsa ta ƙara rauni, ko ya yarda daga baya ba za su iya yi masa aikin ba. Na dawo gida na sauke wa 'yata fushina, na ce bakinta ne ya ja mana. Ta zari mayafi ta fita, na bi ta.

Muka sami Yaya a zauren gidansa yana haki. Ta durƙusa, ta nuna masa hoto a waya.

"Kawu, ka ga abin da muka yi. Bai kai farcen ɗan yatsa ba. A cikin kwalba yake, ba mu taɓa sa wa kowa ba. Ni kaina ban san ko zan ga ranar da za a dasa wa mutum ba."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙa mata wayar.

"Ai na sani, 'yar nan. Tun ranar na gane."

Na ce, "To, Yaya, me ya sa?"

"Ke Auta, marayu ne a hannunki. In kika shiga ɗakin tiyata ba ki fito ba, da wane ido zan dube su?"

Na ce masa yadda yake tsoron rasa ni, haka nake tsoron rasa shi, kuma ni ban nemi izininsa ba kafin in yi kyautar abina. Muka tashi a haka.

Washegari matarsa ta kira ni, ta ce ya ce in zo mu je wurin likita. Sai da aka sake auna zuciyarsa, muna zaune a baranda ba mai iya kallon wani, kafin aka ce za a iya.

An yi aikin. Bai koma ɗaga ƙarfe ba, sai dai ya zauna a bakin shago yana nuna wa ma'aikata inda za su yanka. Ni kuma har yau in na sunkuya wanki gefen cikina yakan ɗan ja.