Ranar da Sunan Inna Ya Shiga Manazarta

Ko na tsufa na manta lambar wayata, ba zan manta da ranar da manhajar kwamfuta ta tura ni neman sunan kakata ba.

Lokacin ina Ƙaura Namoda, ina haɗa kundin digiri na biyu a kan tarihin kaɗi da saƙa a ƙasar Shinkafi. Na samu wata manhajar tsara rubutu da ta shiga raina: ka ba ta sunan marubuci da littafi da shekara, ita kuwa ta jera maka manazarta tsaf, irin na masu nazarin tarihi, sunan mahaifi a gaba, sai waƙafi, sai sunan mutum. Har gori nake wa abokaina masu yi da hannu.

Matsalar ita ce babi na uku. Kusan dukkansa daga bakin kakata ya fito, kuma a gurbin sunanta na rubuta "Inna". Malamin da ke duba aikina ya ce atafau, ko cikakken suna a manazarta, ko a cire babin. Nan na yi turus. Ni da na haddace sunayen Turawa birjik, ashe ban san sunan matar da ta goya ni ba!

Na tambayi mahaifina, ya harare ni. "Ni za ni hwaɗin sunan uwata? Tashi ka ba ni wuri." Mahaifiyata kuwa rufe baki ta yi da mayafi, sunan suruka ai ba abin kamawa ba ne.

Sai na rungumi kwamfutata na hau mota zuwa Katuru, garin da Inna take. Na tarar da Inna tana sussukar gero. Da ta ji buƙatata, dariya ta yi har da ƙwalla. "Kai miji na banza! Shekara nawa kana cin tuwona ba ka san sunan matarka ba?" Ta ja ni da tsiya son ranta, sannan ta raɗa min sunanta da na mahaifinta.

Nan take na shigar da sunayen a manhajar, na danna. Sai ga ta ta fito a tsakanin manyan farfesoshi biyu! Na yi ihu har kaji suka watse. Na karanta mata layin da ƙarfi, kamar yadda manhajar ta juya shi.

Ta ce in sake.

"Baba na gaba?" ta ce. "Tun da anka rufe shi ban ƙara jin an kira sunanai ba. Lalle abin ga na da ladabi."

Babin ya tsira. Inna ta rasu bayan haka ba da daɗewa ba, amma sunanta na nan a bayan na mahaifinta. Tun ranar na gane cewa manazarta ba ado ba ce, wurin da ake kiran waɗanda suka ba ka ilimi da sunansu ne.